Kalaman ƙiyayya: wa za a ɗaure, wa za a ƙyale?

Malam Sani (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Kaka ta gabato, kuma kun san abin da ke biyo ta a nan jihar Damagaram: saƙonnin murya. Wannan ya ce dabbobi sun afka gonar wane a wajen Tanut, wancan ya ce an sari makiyayi a wajen Mirya, kafin la'asar magana ta tashi daga kan mutum ɗaya ta hau kan ƙabila guda. Wasu a zauren nan suna kiran a yi sabuwar doka mai tsanani kan kalaman ƙiyayya, wasu kuma na cewa waɗanda ake da su ma sun ɗaure baki da yawa. Muna da lauya, muna da ƴan jarida da malamai. A yi mana bayani da hujja. Ban da zagi.

Metir Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Masu neman sabuwa su fara duba waɗanda ke ƙasa. Ayar doka ta 102 a kundin hukunta laifuka na Nijar ta daɗe tana nan: wariyar launin fata ko ta ƙabila, farfagandar ɓangaranci, da duk abin da ya taɓa ƴancin addini, muddin zai iya haɗa ƴan ƙasa faɗa da junansu, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya haɗa abu biyun: aya ta 30 ta ba da ƴancin faɗar albarkacin baki, aya ta 8 ta ce doka za ta hukunta farfagandar ɓangaranci da ƙabilanci.

Sai dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda ita ce aka fi jin tana kai mutane kaso yanzu. Aya ta 29 ɓata suna, ta 30 zagi, ta 31 yaɗa bayanan da za su iya tada hankalin jama'a ko zubar da mutuncin ɗan Adam. A 2022 an cire ɗauri daga ɓata suna da zagi, aka bar tara. Ranar 7 ga Yuni 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyon 1 zuwa 5 na sefa kan ɓata suna da zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyon 2 zuwa 5 kan aya ta 31. To wace tsananin kuma ake nema bayan wannan?

Bello na Tanut:
Allah ya ƙara sani, Metir. Amma ki faɗa mana mutum nawa aka ɗaure saboda ya ce duk Bafulatani ɗan ta'adda ne. Wannan magana ana yin ta a kasuwa, a tasha, a gurup-gurup, ba wanda ke ɗaga kai. A Oktoba 1991 a Toda cikin jihar Maraɗi an kashe Fulani sama da 100, yawancinsu mata da yara. A Nuwamba 2016 a Bangi, wajen Madawa, aƙalla mutum 18 suka mutu a rikicin da ya faro daga gona ɗaya. Ɓarnar gona tana da hanyarta: a kira mai gari da arɗo, a je a ga ɓarnar, ƴan kwamitin filaye na COFO su kimanta, a biya diyya. Abin da ke sa a tsallake wannan hanya a tafi ƙona ruga shi ne maganar da aka riga aka shuka tun kafin saniya ta taka gonar. Ni ina bayan a hukunta, kuma a hukunta da wuri.

Mushe Ibro:
Bello, tambayarka ita ce amsar. Dokar tana nan, sai dai dubi wa take kamawa. A Maris 2020 an kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda ya rubuta cewa akwai wanda ake zargin yana ɗauke da korona a wani asibitin Yamai. Ya yi kusan mako uku a tsare, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata uku da aya ta 31. Wace ƙabila ya zaga? A Yuni na wannan shekarar aka tsare Samira Sabou kwana 48 kan ƙarar ɓata suna saboda rubutu a Facebook, daga baya kotu ta sallame ta. Alhali dokar jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri daga laifukan jarida. Abin da ka rubuta a takarda ba a ɗaure ka, ka rubuta shi a waya sai a ɗaure ka.

Bambancin ayoyin biyu a nan yake. Ta 102 ta kafa sharaɗi, sai maganar za ta haɗa mutane faɗa. Ta 31 ba ta ce sai labarin ƙarya ba, ba ta ce sai an nufi wata ƙabila ko addini ba, ba ta ce sai wani abu ya faru ba. Hankalin wa ya tashi? Na jama'a ko na wanda ke kan kujera? Duk dokar da aka rubuta da faɗi haka, mai ƙarfi ne zai fara amfana da ita, makiyayin da ke bayan Belbeji shi ne na ƙarshe.

Baba Kyari:
Ku yi haƙuri da tsoho, zan ɗan tsawaita. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin jama'a da na siyasa a 1986. Aya ta 19 ta kare magana, ta kuma yarda a taƙaita ta da sharuɗɗa uku: doka ta rubuta abin a fili, manufar ta zama halastacciya kamar kare mutuncin wani ko zaman lafiya, kuma taƙaitawar ta zama dole, ba ta wuce kima ba. Aya ta 20 ita kuma ta wajabta wa ƙasa ta haramta kiran ƙiyayya ta ƙasa, launi ko addini idan ya kai ga tunzura mutane su nuna wariya, gaba ko su yi ta'adi. Don haka ba a ba mu zaɓin mu ce babu doka ba. Inda za a ja layi ne abin jayayya.

A 2012 masana suka zauna a Rabat ta Maroko suka fitar da ma'auni shida: halin da gari ke ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ɓarna ta biyo baya nan kusa. Bari mu gwada su da saƙo uku.

Na farko, saurayi a fada cikin abokansa biyar, ana shan shayi, ya ce makiyaya ba su da tausayi, sun cinye musu wake. Magana ce mara daɗi, ta haɗa mai laifi da mara laifi. Amma ba shi da mabiya, bai kira kowa ya yi komai ba, ta tsaya a kan tabarma. Wannan aikin babban fada ne da mai unguwa, ba na jandarma ba.

Na biyu, wani ya ce mai gari da ƴan kwamiti sun karɓi kuɗin makiyaya, shi ya sa aka saki gonaki tun hatsi na tsaye. Babu ƙiyayyar ƙabila a nan ko kaɗan, tuhuma ce a kan masu riƙe da amana. In ƙarya ce, wanda aka ɓata ya kai ƙara ya nemi diyya da janye magana. In gaskiya ce, an yi wa gari aiki. Irin wannan saƙo shi aka fi saurin kama mai shi, kuma shi ya fi cancantar kariya.

Na uku, mutum ne da ake jin maganarsa, washegarin ranar da aka tsinci gawa a daji, a gurup mai mutum 600 daga ƙauyuka goma, ya ce gobe bayan asuba kowa ya fito da abin hannunsa a haɗu a bakin tabki, kada a bar ruga ko ɗaya. Ga lokaci, ga wuri, ga waɗanda za a afka wa, ga gari a ɗumame. Wannan a kama shi a daren, ko da babu wanda ya fito da asubar. Aya ta 102 ta ishe shi, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Bello na Tanut:
Baba, da Barebari suna shari'a haka tun da can da ba mu raina ku ba.

Baba Kyari:
Yaro, ka biya kuɗin nonon da kakanka ya tsinka da ruwa tukuna, sannan ka zo mu yi maganar raini.

Hajiya Zuwaira:
To kun gani. A ɗauki waɗannan layuka biyu a miƙa wa wanda bai san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba, zai rubuta cewa an ci zarafin ƙabila. Wasan taubasantakar nan UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Ma'aikacin Facebook da ke wata ƙasa, ko na'urar da ke tace rubutu, ba su da hanyar rarrabe shi da zagi na gaske.

Bello na Tanut:
Wasa daban, Hajiya. Baba, ga inda ban gamsu ba. Tsakanin saƙonka na farko da na uku akwai shekaru. Ba a wayi gari aka ce a haɗu a bakin tabki ba. Sai an yi shekara da shekaru ana cewa mutanen nan ba mutane ba ne, baƙi ne, ɓarayi ne, har kunne ya saba. A Ruwanda jaridar Kangura ta fara a 1990, rediyon RTLM ya fara a 1993, kisan ƙare dangin ya zo a Afrilu 1994. Suna kiran Tutsi kyankyasai tun kafin a ɗaga adda. In doka ta ce sai an faɗi wuri da lokaci, ai ta iso bayan an gama.

Metir Hadiza:
Nan kam Bello yana da gaskiya, kuma shi ne wuri mafi wuya a maganar baki ɗaya. Kotun duniya ta Arusha ta hukunta Ferdinand Nahimana, Hassan Ngeze da Jean-Bosco Barayagwiza a Disamba 2003 kan rawar rediyon da jaridar. Da aka ɗaukaka ƙara, a 2007 alƙalai suka rarrabe tsakanin kalaman ƙiyayya zalla da kira kai tsaye ga kisan ƙare dangi, suka rage wasu hukunce-hukuncen. Ko su da gawarwaki a gabansu sai da suka ja layi.

Ra'ayina, maganar da ke cire wa jama'a mutuntaka, ana maimaita ta, daga bakin mai makirfo ko mai mumbari ko ɗan takara, doka ta taɓa ta tun kafin ta kai kira ga makami. Sai dai ba da kaso za a fara ba. A yi hawa-hawa: gargaɗi a rubuce, tilasta ba waɗanda aka taɓa damar mayar da martani a lokaci guda na shirin, dakatar da shirin, tara, janye lasisi. Irin matakan da hukumar sadarwa ta CSC take da su kafin 2023 ke nan. Kaso a ajiye shi ga mai saƙo na uku. Kuma sharaɗin duk wannan shi ne mai yanke hukuncin kada ya zama yaron gwamnati, a kuma iya ƙalubalantar hukuncinsa a kotu.

Malam Lawali:
Ina bin ku tun ɗazu, kuna ta ƙabila, kun kauce wa addini, alhali a garin nan shi ya taɓa zubar da jini. Musulunci bai bar baki sake ba. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da munanan laƙabi. Aya ta 6 ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cuci mutane cikin rashin sani. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Amma Suratun Nisa'i aya ta 148 ta buɗe ƙofa ga wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa a fili. Wato kukan wanda aka cuta ba ƙiyayya ba ne, a nan na yarda da Baba Kyari.

Tambayata ga Metir: Faransa ta wanke jaridar barkwanci ta Charlie Hebdo a kotu a 2007 kan zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan a 2015 ta hukunta ɗan barkwanci Dieudonné kan layi ɗaya da ya rubuta a Facebook. Wannan ma'auni ɗaya ne?

Metir Hadiza:
Malam, zan faɗi yadda tsarinsu yake, ba wai ina cewa ka yarda da shi ba. Dokarsu ta jarida ta 1881, da gyaran 1972, tana kare mutane ne, ba aƙida ba. In ka ce a kori Musulmi daga aiki ko a ƙona masallaci, ka taɓa mutane, za a hukunta ka. In ka soki addinin kansa ko ka yi masa izgili, ba laifi ba ne a wurinsu. Shi Dieudonné da laifin yabon ta'addanci aka kama shi, wata aya ce daban. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai fassara yarjejeniyar da Baba ya ambata shi ma a 2011 ya ce dokokin hana saɓo ba su dace da ita ba, sai in maganar ta kai matsayin tunzurawa ta aya ta 20.

Malam Lawali:
Rabuwar nan tsakanin mutum da aƙidarsa tasu ce. A wurin Musulmin Birni ko Zango, ka taɓa Annabi ka taɓa abin da ya fi masa uwa da uba. Doka da ba ta san haka ba, mutane za su ɗauke ta a hannunsu. Gara kotu ta riƙe abin da a bar wa titi.

Mushe Ibro:
Allah gafarta Malam, mu tsaya a kan titin. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, a garin nan, saboda zanen Charlie Hebdo, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da coci-coci, washegari abin ya koma Yamai, mutum goma suka mutu a kwana biyun. Masu zanen suna Paris, ko ƙwarzane bai same su daga gare mu ba. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada da gidaje maƙwabta ne, wasunsu a nan aka haife su, ba su zana komai ba. Ko da Nijar tana da dokar saɓo mafi tsanani a duniya ba za ta kamo mai zane a Faransa ba. Maganar da dokarmu za ta iya kamawa a ranar ita ce ta wanda ya tsaya gaban taro ya nuna cocin unguwa ya ce ga su nan. Wannan ce kalaman ƙiyayya da suka yi kisa a Damagaram.

Kuma hujjar cewa kotu tana hana titi ba ta tsaya ba. Sakkwato tana da kotunan shari'ar Musulunci, amma a Mayu 2022 ɗalibai suka kashe ƴar uwarsu ɗaliba kan saƙon murya a gurup na aji, ba su jira alƙali ba.

Malam Lawali:
Ƙona coci haramun ne, babu malamin kirki da ya halatta shi, kuma an faɗa a lokacin. Amma ban janye ba: ɓatanci ga annabawa, dukansu, har Annabi Isa, ya kamata doka ta hana shi a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Sai dai in ƙara wani abu da ke goyon bayan masu cewa a yi hattara da kamu. A Yuni 2019 an kama wani limami a Maraɗi saboda ya soki dokar tsara harkokin addini da ake shirin yi. A daren matasa suka ƙona coci a unguwar Zariya. Sukar daftarin doka ba ƙiyayya ba ce, kamun ne ya kunna wutar. Da an kira shi an zauna da manyan malamai an karanta masa daftarin, da ba a kai can ba.

Hajiya Zuwaira:
Bari in sauko da maganar ɗakin watsa shiri, don a nan abin ke kuɓucewa. Shirin kiran waya kai tsaye shi ne mafi haɗari, musamman na dare da na lokacin zaɓe. Manyan gidaje suna da na'urar da ke jinkirta murya da ƴan daƙiƙoƙi, mai kula da sauti ya datse kafin ta fita. Yawancin ƙananan rediyo ba su da ita. Abin da ke maye gurbinta: mutum na biyu ya ɗauki kiran a wajen ɗaki, ya tambayi suna da gari da abin da za a faɗa, sannan ya miƙa. In batun rikicin gona ne ko na aƙida, kada a yi shi kai tsaye sam, a naɗi muryoyin da rana a tace a saka da dare. Mai gabatarwa kada ya karanta saƙon da bai fara karanta shi a zuci ba. A ajiye naɗin kowane shiri, don ranar da aka zo da ƙorafi shi ne shaidarka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ambaton ƙabilar wanda ake zargi. A ce an kama mutum biyu da shanun sata ya wadatar. Da ka ƙara ƙabilarsu ka mayar da laifin mutum biyu na dubbai. Na biyu, sayar da lokaci ga mai wa'azi ko ɗan siyasa ba tare da an saurari kaset ɗin ba, don kuɗin ya shigo. Alhakin abin da ya fita yana kan gidan, ba a kan wanda ya biya kaɗai ba.

Nura:
Iyayena, rediyo yana da adireshi, WhatsApp ba shi da. Saƙonnin a rufe suke daga waya zuwa waya, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki sai in wani ya kai rahoto, lokacin ne saƙonni biyar na ƙarshe ke zuwa musu. Tun 2019 ba a iya tura saƙo ɗaya zuwa wuri fiye da biyar a lokaci guda, tun 2020 kuma wanda aka yi ta turawa sai wuri ɗaya-ɗaya. Amma gurup ɗaya yana ɗaukar mutum sama da 1000, don haka biyar ɗin ma ta isa ta cika jiha.

Wajen shaida nan ake faɗuwa. Hoton allo ba ya nuna murya, kuma ana iya ƙirƙirarsa. Saƙon da aka turo ba ya ɗauke da lambar wanda ya fara naɗa. Ranar da ke jikin sunan fayil ɗin ita ce ranar da ya sauka a wayarka, ba ranar da aka yi maganar ba, shi ya sa muryar rikicin shekara uku da suka wuce, ko ta wani gari a Najeriya, take dawowa kamar ta jiya. Ana yanke farko da ƙarshe a bar tsakiya. Yanzu ma ana kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. Wanda zai kai ƙara kada ya goge komai, kada ya fita daga gurup ɗin, ya bar saƙon a wayar da ya sauka, ya rubuta lambar wanda ya saka da lokaci.

Toshe intanet kuma ba magani ba ne. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet na waya kusan kwana goma. Jita-jita ta koma baki da baki, mai son ƙaryata ta kuma ba shi da hanya, ƴan kasuwa suka yi asara.

Metir Hadiza:
In ƙara kan na Nura. In da hali a kira husiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta takardar shaida, ya saurari saƙon a cikin wayar ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, takardarsa tana da nauyi a kotu. Ƙara ana kai ta komisariya, ko jandarmeri in a ƙauye ne, ko kai tsaye wurin alƙali mai shigar da ƙara. A laifukan yau da kullum tsarewa a hannun ƴan sanda awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya. Wanda aka kama ya nemi a saka muryar gaba ɗayanta a gaban alƙali, ba guntun da aka fassara zuwa Faransanci a takardar bincike ba, don a can ne habaici da wasa da karin magana ke mutuwa. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Sarakuna da hakimai doka ta ba su ikon sulhu a rikicin al'ada da na dukiya, ba su yanke hukuncin laifi. Don haka ɓarnar gona tasu ce, kiran a ƙona ruga na kotu ne.

Mushe Ibro:
Bello ya kawo Ruwanda, to a ƙarasa labarin. Bayan kisan sun yi dokokin hana raba kan jama'a da na aƙidar ƙare dangi, da faɗi sosai. Da su aka ɗaure ƴar adawa Victoire Ingabire, aka kai hukuncinta shekara 15 a 2013, har Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce a 2017 an tauye mata ƴancin magana. Kotun nan ce kuma a 2014, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso, ta ce ɗauri kan ɓata suna ya wuce kima. A Najeriya a 2019 wani sanata ya kawo ƙudurin da ya tanadi rataya ga wanda kalamansa suka jawo mutuwa, jama'a suka yi ca, bai zama doka ba.

Ban ce mu bi Amurka ba, inda tun 1969 kotun ƙoli ta ce ba a hukunta magana sai in tana kiran a karya doka nan take kuma da alamar za a karya. Su suna da ƴan sanda a kowace kusurwa. Mu akwai ƙauyen da jandarma zai yi rabin yini kafin ya isa. Afirka ta Kudu ta fi kusa da abin da nake so: a 2021 kotun tsarin mulkinsu ta cire jin zafi daga sharuɗɗan laifin, ta ce sai maganar tana cutarwa ko tana kiran a cutar, kuma tana yaɗa ƙiyayya. Ɓacin rai kaɗai bai isa ba.

Bello na Tanut:
Na ji, Mushe. Na sauka daga neman sabuwar doka, ban sauka daga neman a yi aiki da 102 ba. Kuma ma'aunin nan na yiwuwar ɓarna, a auna shi da nisan ruga daga bariki, ba da Yamai ba. Abin da a birni zagi ne kawai, a daji sanarwar yaƙi ce.

Nura:
Anti Hadiza, tambaya ɗaya da ta shafi kowa a nan. Wanda bai naɗa ba, turawa kawai ya yi, ko ya tura yana cewa ku ji abin da ake faɗa a kanmu, shi ma yana ciki? Mai kula da gurup fa?

Metir Hadiza:
Ƙanena, yana ciki. Aya ta 31 ba ta tsaya ga wanda ya ƙirƙira ba, ta haɗa da wanda ya yaɗa da wanda ya sa bayanin inda wasu za su same shi. Niyyarka ta faɗakarwa hujja ce da lauyanka zai kawo a gaban alƙali, amma ba za ta hana a kira ka komisariya ba, kuma sau da yawa mai turawa ake samu don lambarsa ce ke jiki, ta mai naɗawa ta ɓace tun tura ta farko. In saƙo irin na ukun Baba ne, mutum biyu ko uku za ka kai wa: mai gari ko hakimi, arɗon wajen, da jandarma, ka kira su da baki ka kunna musu. Mai kula da gurup kuma, da ya gani ya adana shi a wayarsa, ya goge shi ga kowa, ya rubuta gargaɗi a fili da kwanan wata, ya rufe gurup ɗin ya zama masu kula kaɗai ke iya saka saƙo har ƙura ta lafa. In mai saƙon ya sake, a fitar da shi. Gargaɗin nan da aka rubuta shi za ka nuna in an tambaye ka me ka yi.